Auren Wayoyin Birki

Wutar ba ta kai ƙwayar gyaɗa girma ba. 'Yar rawaya ce, zagayayya, da wasu layuka tsinke-tsinke sun yi mata baka hagu da dama, tana zaune a kusurwar allon da ke bayan sitiyari. Ba ta kiftawa, ba ta ƙara. Amma tun yammacin Lahadin da ta kama a motar matarsa Ruwaida, Malam Sirajo bai sake jin gishirin miya ba.

"Malam, zo ka ga wani abu," in ji Ruwaida daga cikin motar, a ƙofar gidansu da ke Kebbe. "Tun da nit taso ta kama, ta ƙi mutuwa."

Ya leƙa ta taga, ya gyara tabarau, ya yi irin gyaran muryar da yake yi a aji idan ɗalibi ya jefo tambayar da bai shirya mata ba.

"Ba komi ba ne. Motocin Turawa sun cika tsegumi."

"Ko a kai ta Tambuwal?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Tambuwal gari ne babba, mai kasuwa da tasha da dubban bayin Allah, can ma aka haife ta. Amma a kunnen Malam Sirajo, garin nan kaf mutum ɗaya ne a cikinsa, sunansa Mu'awiya.

Shekara goma sha biyar da suka wuce, wannan Mu'awiya shi ne ke zaryar gidan Malam Jamaluddeen tela saboda Ruwaida. Magana ta yi nisa, har mata sun fara tsokanarta da sunansa. Sai ya tafi Kaduna koyon gyaran manyan motoci, ya ce wata shida zai yi, ya yi shekara uku. Cikin wannan tsakani Sirajo, sabon malamin lissafi mai keke, ya yi sallama. Babu wanda ya tilasta ta, ita ta ce shi take so. Sai dai shi bai taɓa yarda da hakan har zuci ba. Kullum gani yake kujera ya tarar babu kowa ya zauna, kuma mai kujerar ya dawo, yana can bakin hanyar Sakkwato ya buɗe gareji. Duk yankin an san cewa idan motar Jamus ta yi gardama, wurinsa ake kai ta. Motar Ruwaida kuwa Bajamushiya ce 'yar Kwatano, tsohuwa mai rufin asiri, wadda ta saya saboda aikinta na ungozoma yana kai ta ƙauyuka.

"Tambuwal mi?" ya ce. "Mu nan Kebbe ba mu da makanikai ne? Bar mani ita."

Ta dube shi ɗan lokaci, ta miƙa masa makulli, ta shige gida.

Da yake ana hutun damina, ya tashi ranar Litinin da niyyar kashe wutar nan da hannunsa. Ya buɗe gaban mota ya duba man birki, ya tarar bai sauka ƙasa da layi ba. Ya ja birkin hannu ya saki har sau bakwai. Ya cire kan batir, ya jira ya sha koko, ya mayar. Da ya murɗa makulli duk fitilun allon suka kama suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ban da ita. Ya bubbuga allon da yatsa. Daga ƙarshe ya ɗauki hotonta a waya ya bincika, amsa ta fito masa ƙarara: alamar cinyewar fad ce, wato ɗan takalmin da ke matse faifan taya idan an taka birki. Ya karanta sau biyu, ya kife wayar a kan cinya. Mutumin da ya iya warware lissafin da ke sa ɗalibai kuka, sai ga shi yana fatan waya ta yi masa ƙarya.

Ranar Talata ya kai motar wurin Ɗangiwa, wanda ke gyara a gindin darbejiya kusa da tashar Kebbe. Ɗangiwa dattijo ne da ya fara da injin niƙa, ya koma babura, ya gangaro kan motocin haya, kuma tunda yake bai taɓa cewa bai iya ba. Ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayar gaba ta hagu, ya cusa kai ya daɗe yana gunaguni.

"Malam, taho ka ga munafuka," ya ce. Ya nuna wata siririyar waya baƙa da ta fito daga jikin fad. "Wagga ita ka kai rahoto. Sansa aka ce mata. Cikin fad ɗin taka kwana. In fad ya cinye ya kawo gare ta, faifai ya yanke ta, shi ke nan wuta ta kama. Ka ga inda ta tsinke."

"Ko dutse ne yay yanke ta? Ka san hanyoyinmu."

"Shina yiwuwa ga wata mota. Ga wagga dai, dubi fad da idonka. Ya yi kamar ɓawon albasa."

"To, sa mani sabo."

Ɗangiwa ya yi dariya har haƙorinsa ɗaya na gaba ya fito shan iska. "Ina ni ina fad ɗin wagga gimbiya? Sai Tambuwal, wurin Mu'awiya. Yaron ga hannunai na da albarka."

Malam Sirajo ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Wato har a gindin darbejiyar garinsu ma sai an yi masa waƙar Mu'awiya.

"Ni wutar nika so ta mutu," ya ce a daƙile.

"A'a, in don wuta ne, ai sai mu ɗaura masu aure."

"Su wa?"

"Wayoyin mana. Haka muka ce mashi. Ka ga bakinsu biyu sun rabu, shi yas sa mota ke kuka. In anka haɗa su anka murɗe, sai ta ɗauka lafiya lau ne." Ya fere bakin wayoyin da reza, ya murɗe su tare, ya naɗe da baƙin salatif, har da ɗaga hannu yana cewa a shafa Fatiha. Aka murɗa makulli, aka ɗan jira, wutar ta ɗauke. "To, ga shi. Amma Malam, tsakani da Allah, bakinta ɗai munka rufe. Ciwon na nan."

"Zai kai wata ɗaya?"

"In Allah ya so. In ba a taka birki da yawa."

Da ya koma gida Ruwaida ta leƙa allon, ta ga wayam, fuskarta ta washe.

"Kai, Malam, sannu da ƙoƙari! Mi yas same ta?"

"Waya ce tat tsinke."

Bai yi ƙarya ba, haka ya gaya wa kansa, waya ce ta tsinke. Ta yi masa godiya har da ɗan rusunawa, ta ce dama hankalinta bai kwanta ba, don ranar Alhamis za ta Fakku awon masu ciki, ga hanya ta lalace da ruwa, ga gangaren nan da shanu ke tsallakawa ba sallama. Ta ƙara masa man shanu a miya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kowace kalmar godiya da ta fito bakinta sai ya ji ta kamar tuhuma. Ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi.

Da safiyar Laraba yana tsaye a ƙofar gida da buta a hannu ta tayar da mota za ta wurin aiki. Ba ta yi nisa ba wasu awaki suka keto hanya, ta taka birki. Sai ya ji wani siririn kuka, ƙiii, irin na wuƙa a kan dutsen wasawa. Motar ta tsaya, amma sai da ta ɗan ja gaba kafin ta yarda. Ita ba ta lura ba, tana ta yi wa awaki hon. Shi kuwa butar ce ta kuɓuce masa. A wannan ɗan lokaci ya hango gangaren Fakku, da laka, da garken shanu, da matarsa tana taka abin da ba zai amsa mata ba, allon gabanta kuma shiru, don shi ya sa aka toshe masa baki. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya.

Ya bi ta da gudu yana ɗaga hannu. Ya ce yana da uzuri da motar yau, zai sauke ta a wurin aiki. Ta matsa ta ba shi wuri ba tare da tambaya ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma fa kada a ɗauka kai tsaye ya kama hanya. Sai da ya koma gida ya cire kaftanin jikinsa, ya ɗauko farar shaddarsa ta Sallah, ya kafa hula zanna, ya fesa turare har sau biyu, ya goge takalmi. Mutum zai kai mota gareji, ya yi shiri kamar mai zuwa karɓar sarauta.

Tafiyar Tambuwal ya yi ta a hankali, yana kauce wa ramuka, yana rage gudu da giya don kada ya taɓa birki. Gero ya yi tsayi hagu da dama, bai gan shi ba. Yana can yana tsara yadda za a yi. Mu'awiya zai fito, dogo, mai faɗin kafaɗa kamar yadda ya taɓa hango shi sau ɗaya a wani ɗaurin aure. Zai gane motar, don ai labari ba ya ɓuya. Zai yi murmushin nan na tsohuwar zuma, ya ce, "Ina Ruwaida?" Shi kuma zai dube shi sama da ƙasa ya ce, "Iyalina na lafiya," ya danna kalmar iyalina yadda za ta shige shi har ƙashi. Ya maimaita jimlar ya fi sau ashirin, yana canza mata murya.

Garejin rumfar kwano ce babba, motoci biyar a ciki, ƙasa ta yi baƙi da mai. Ya yi sallama. Wani mutum ya turo kansa daga ƙarƙashin wata mota, gajere ba can ba, mai tumbi, sanƙo ya cinye masa rabin kai, gemu ya yi furfura.

"Mu'awiya nika nema."

"Ga ni. Mi ke tafe da kai, Alhaji?"

Malam Sirajo ya ɗan yi turus. Wannan ne? Ya ji wani daɗi ya taso masa, sai kuma ya tuna shi ma ba yaro ba ne, kuma mata ba a san abin da suke gani ba. Ya yi bayani a gajarce. Mu'awiya ya ɗaga mota, ya kwance taya, ya haska da fitilar waya. Da idonsa ya faɗa kan baƙin salatif sai ya yi tsaki.

"Wa yaɗ ɗaura auren ga?"

Gaban Malam Sirajo ya faɗi. "Wane aure?"

"Wanga mana. Auren banza ne, ba shi ɗorewa. Yanzu nika raba shi."

Ya san wayoyi ake nufi. Ya sani sarai. Duk da haka sai da ya ji jini ya hau masa ka, ya dunƙule hannu cikin aljihun shadda, yana kallon mutumin nan yana warware salatif a natse kamar mai ɓare rake.

"Aikin Ɗangiwa ne, na san murɗinai," in ji Mu'awiya. "Alhaji, ka gode Allah. Dubi nan. Ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Kwana biyu nan gaba faifan ma sai an canza shi, in ma an tsira da rai ke nan. Wuta ba abokiyar gaba ba ce, gaskiya ɗai taka faɗi."

Ya shiga ɗaki ya fito da kwali. Ya canza fad na tayoyin gaba duka biyu, ya sa sabuwar sansa, ya bi wayarta da yatsa har inda ta shige jikin mota don ya tabbatar ba ta goge a wani wuri ba. Ya kwance tayar baya ta dama, ya ce can ma akwai wata sansar, ya duba ya ce ita da saura. Aikinsa tsaf, babu gaggawa, babu surutu. Wannan ma ya ƙara wa Malam Sirajo haushi, don ya so ƙwarai a ce mutumin holoƙo ne.

Yana zaune a kan benci yana jiran tambayar da ya yi wa tanadi. Shiru. Aka ɗaure taya ɗaya, shiru. Jimlarsa tana nan a baki tana neman yin tsami.

"Motar iyalina ce," ya ce daga ƙarshe, ya danna kalmar yadda ya tsara.

"Allah sarki. Allah shi tsare," in ji Mu'awiya, bai ko ɗago ba.

"Daga Kebbe muke."

"Na ga jar laka."

Ya kamata ya tsaya nan. Duk mai hankali nan zai tsaya, ya karɓi motarsa ya yi gaba. Amma kishi ba ya barin mutum ya tashi daga inda ake yi masa susa.

"Ai 'yar garin ga ce. Ɗiyar Malam Jamaluddeen tela."

"Allahu akbar! Allah shi jiƙan Malam." Yanzu kam ya ɗago, fuskarsa ta saki. "Mutumin kirki. Ya taɓa ɗinka mani wani kaftani ruwan toka, wallahi har Kaduna anka riƙa tambayata wa yay yi shi. Ɗiyanai mata na da yawa. Wace daga ciki?"

Malam Sirajo mutum ne mai kunya irin ta da. Shekara goma sha huɗu bai taɓa kama sunan matarsa a gaban wani namiji ba. Ko a gida Maman Anisa yake ce mata, a waje kuwa iyali. Sai ga shi a tsakiyar gareji, gaban mutumin da ya fi ƙi a duniya, ya buɗe baki.

"Ruwaida."

"Rauda? Doguwar ga da anka kai Jega?"

"Ruwaida," ya sake faɗa da ƙarfi.

Mu'awiya ya sosa sanƙo da gindin sifana, ya runtse ido yana lalube. Malam Sirajo ya kafa masa ido yana neman alamar wasa, ko ɗan motsin baki, ko kaucewar ido irin ta mai ɓoye abu. Ya yi shekaru yana kama ɗaliban da suka yi satar amsa, ya san fuskar maƙaryaci. Babu komai a wannan fuska sai ƙoƙarin mutumin da ba ya son ya ba baƙo kunya.

"Wallahi Alhaji ka yi haƙuri. Na san na yi zarya gidan ina saurayi, har an fara wata magana. Amma ka san an daɗe, kai ya cika da noti. Ruwaida... ita ce ƙaramar?"

"Ta tsakiya! Mai wushirya, wadda in ta yi dariya..."

Ya kama bakinsa. Me yake yi haka? Shi ne yau yake tallar matarsa ga Mu'awiya, yana roƙonsa ya tuna?

"To, to," in ji Mu'awiya cikin ladabi, irin to ɗin da ke nuna ba a gane ba. Ya koma kan tayarsa.

Aka sauke mota. Mu'awiya ya taka birki sau da yawa har ya yi tauri, ya murɗa makulli, suka jira tare. Wutar ta kama da sauran, ta mutu da sauran. Ya zaga da motar ya dawo, ta tsaya cak ba ƙara. Suka yi musabaha, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya sake shigewa ƙarƙashin motar da ya baro. Ko a gaida gida bai ce ba.

A hanyar komawa birki na kamawa kamar sabo, amma ran Malam Sirajo a ɓace yake fiye da yadda ya zo. Ya yi tsammanin zai ji sanyi, sai ya ji zafi. Shekara goma sha huɗu yana gadin ƙofar da babu mai ƙwanƙwasawa. Ya hana ta zuwa bukukuwa nawa a Tambuwal da hujjar hanya ba kyau? Sau nawa ya canza zance don an ambaci gareji? Duk wannan bai fi ci masa rai ba kamar abu ɗaya: kaftani. Mutum ya tuna kaftani ruwan toka, ya manta Ruwaida! Wane irin sakarai ne wannan? Har ya rage gudu da niyyar juyawa ya je ya gaya masa irin matar da ya yi asara, sai ya tuna matar wa ce, ya ƙara mai.

Bayan la'asar ya iso. Ruwaida ta riga ta dawo a kan babur ɗin haya, tana zaune a tabarma a tsakar gida tana tsinke zogale cikin faranti. Ta dubi shaddar, ta dubi hular, ta shaƙi turaren da har yanzu bai gama fita ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Tambuwal kat tafi."

Ba tambaya ba ce. Ya ajiye makulli kusa da ita, ya zauna a kujera 'yar tsugune, ya gaya mata gaskiyar abin da Ɗangiwa ya yi da wanda ya sa shi. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai daina aiki ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce Allah ya kiyaye gaba, kuma hakan ya fi faɗa ciwo.

Kaza ta zo ta leƙa farantin, ta kore ta.

"Kun gaisa?" ta ce, idonta a kan zogale.

"Mun gaisa."

"Ya gane ko motar wa ce?"

Ya dube ta. Akwai furfura biyu da suka leƙo ta gefen ɗankwalinta, bai san yaushe suka fito ba. Gaskiya tana bakinsa, a shirye, kuma ita ce za ta kashe maganar Mu'awiya har abada a gidan nan. Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan. Sai dai ya kasa gano yadda ake gaya wa mace irin wannan cewa wani ya zauna da ita a zaure shekara guda, ya tashi da tunanin ɗinkin babanta kawai.

"Ya gane," ya ce. "Ya ce a gaishe ki."

"Ina amsawa."

Ba ta ɗago ba. Amma ya ga gefen bakinta ya ɗan motsa, ya ga ta sa bayan hannu ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ci gaba da tsinkar zogale da ɗan sauri. Tsohon abin nan da ya sani ya taso masa, sai dai yau ya fi kullum kaifi. Gaisuwar shi ya ƙera ta da bakinsa, shi ya kawo ta har gida, ga shi yana kishinta, kuma ya san babu ranar da zai iya cewa a ba shi abinsa.

"In kawo maka fura?" ta ce.

"Ruwa dai," ya ce. "Mai sanyi."